Me ya sa wani dutsen laka ke sakin jiki a ruwa, wani kuwa ya yi ƙara kamar tangaran?

Ɗalibin_Samaru:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Ina da tambayar da ta hana ni barci kwana biyu. Ina aikin digiri na biyu a kan duwatsun laka na ɓangaren Gongola, watan jiya na kwaso samfura daga bakin wani rafi. Biyu daga ciki launinsu ɗaya, toka-toka mai duhu, laushinsu ɗaya a ido, tsakanin inda na ɗebo su bai kai mita 40 ba. Daren Litinin na jefa gutsuren kowanne a kofin ruwa a ɗakina. Da asuba na farko ya saki jiki ya kwanta a gindin kofi kamar kunu. Na biyu ko gezau. Na ciro shi na buga masa guduma, ya yi ƙara ƙal kamar tangaran, ya fashe da kaifi har ya yanke ni a yatsa. Gwajin sinadarai kuma ya nuna silikarsu, wato sinadarin da ya fi yawa a rairayi, kusan ɗaya ce, na farko kashi 61 cikin ɗari, na biyu 64. A aji an koya mana nauyin abin da ya danne laka shi ke matse ta har ta zama dutse. To waɗannan nauyi ɗaya ya danne su. Me ya raba halinsu?

Kwarbai_01:
Wa alaikumus salam. Ba fannina ba ne, amma na shimfiɗa tabarma ina jira. Na daɗe ina mamakin yadda taɓo ke zama dutse.

MaiBurtsatse_TudunWada:
Ɗalibi, abin da ka gani a kofi mu a rami muke ganinsa. Shekara 19 ina haƙa. Nan Zariya ba mu da wannan damuwa, in ka wuce jar ƙasa da marmara da ruɓaɓɓen dutse sai ka sauka kan dutse irin na Kufena, kwamfaresa da hama kawai za ka sa masa. Sai da muka karɓi aiki a ƙasar Sakkwato na san laka suna ta tara. Akwai wadda in ruwan haƙa ya taɓa ta sai ta kumbura ta riƙe bututu kamar an ɗaure da igiya, kwana biyu muka yi muna ja. Ƙasa da ita kaɗan muka ci karo da wata siririyar shimfiɗa, kaurinta bai fi kamu ɗaya ba, ta cinye haƙoran bit, wato bakin ƙarfen haƙa, tas. Duka biyun a takardar aiki laka aka rubuta.

Dakta_Kufena:
Ɗalibi, abin da aka koya maka gaskiya ne, amma rabin zancen ne. Nauyi shi ke mulki a farkon binnewa, yana tatse ruwa, ƙwayoyin laka su kwanta a kan juna. Daga nan zafi ke karɓar ragama, kuma silika ce ta fi saurin amsa kiransa.

Fara da tambayar inda silikar ta fito. Wata rairayi ce da rafi ko iska suka kwaso daga ruɓewar duwatsu irin namu na Zazzau. Wannan kwatz ce tun asali, wato silika mai tsararren gini a cikinta, ta zo a taurare, tana zaune cikin laka kamar tsakuwa a shinkafa, ba ta haɗa komai da komai. Wata kuwa masu rai ne suka ƙera ta. Akwai ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani, dayatom da radiyolariya, sai kuma soson teku. Suna zuƙar silika daga ruwa su gina wa kansu ɓawo ko ƙaya. In sun mutu ɓawon ya sauka ƙasan ruwa. Silikar nan ba ta da tsararren gini a cikinta, kuma tana ɗauke da ruwa, ita ake kira ofal-A. Ba ta da haƙuri ko kaɗan: a zafin ɗaki lita ɗaya ta ruwa na iya narkar da wajen miligiram 120 nata, alhali na kwatz bai wuce 6 zuwa 10 ba.

In aka binne ta har zafi ya kai kamar digiri 35 zuwa 50, sai ɓawon ya narke cikin ruwan da ke ƙofofin lakar, silikar ta sake fitowa da sabuwar kama, ofal-CT, wasu mitsi-mitsin ƙwallaye da ke manne ƙwaya da ƙwaya. Zafi ya ƙaru, sau da yawa tsakanin 60 da 90, ita ma ta narke ta koma kwatz mai ƙananan ƙwayoyi. Jones da Segnit suka raɗa waɗannan sunaye a 1971. Kowane mataki dutsen na rasa ƙofofi, yana ƙara nauyi, yana ƙara tauri, kuma yana barin lanƙwasa ya koma fashewa.

Don haka 61 da 64 ɗinka ba su gaya maka komai ba tukuna. Gwajin ya ƙirga silika ne, bai tambaye ta asalinta ba. Kar ka manta su kansu ma'adinan laka kusan rabin nauyinsu silika ce a ɗaure.

Jikar_MaiTukwane:
Allah ya ƙara ilimi Dakta. Ni bayanin nan ya tuna min kakata. In ta gina tukunya ta shanya, ko ta bushe ƙamas, in ruwan sama ya same ta sai ta koma yumɓu. Shi ya sa in hadari ya taso duk yaran gidan muke fita kwasa. Amma in ta sha wuta, shekara talatin tsingaronta zai yi a kwata bai narke ba. Kuma da ƙwanƙwasawa take gane wadda ta gasu, ta ɗan buga da yatsa ta kara a kunne. Ashe dutsen ɗalibin nan na biyu ƙasa ce ta gasa shi?

Dakta_Kufena:
Malama, kunnen kakarki bai yi ƙarya ba, ƙarar na nuna ƙwayoyi sun haɗe. Dutsen ofal-CT ma sunansa a littattafai daga kalmar tangaran aka ciro shi, don kamarsa ɗaya da fasasshen tangaran marar sheƙi. Amma hanyar ta bambanta. Wutar tukwane ɗaruruwan digiri ce cikin sa'o'i kaɗan, tana korar ruwan da ke cikin ginin yumɓu. Wannan kuwa zafin da bai kai na ruwan shayi ba ne, cikin miliyoyin shekaru, kuma ba ya yiwuwa sai da ruwa. Ki duba gishiri a kwano lokacin damina. Danshi ya narkar da bakin ƙwayoyin, suka sake daskarewa, sai ki ga ya dunƙule sai an sa taɓarya. Ba wanda ya danne shi, ba wanda ya gasa shi. Wannan ya fi kusa.

Tsohon_Fatakwal:
Bari in ƙara daga ɓangarenmu na mai. Inda aka fi sanin wannan lamari shi ne shimfiɗar Monterey a Kalifoniya. Dutsen dayatom na can tun yana ofal-A ƙofofinsa kan kai kashi 60 cikin ɗari ko fiye, busasshensa ba nauyi kamar alli. Da ya koma ofal-CT sai su faɗo zuwa wajen 30, in ya zama kwatz su ƙara sauka. Ba a hankali suke sauka ba, cikin gajeriyar tazara ne, kamar matakalar bene. A filin mai na Belridge da aka yi ta zuƙo mai daga wannan dutse mai laushi, ƙasa ta lotsa, bututun rijiyoyi da yawa suka karye, sai da aka koma ɗura ruwa don a riƙe matsin.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda yake fitowa a hoton sesmik, wato hoton cikin ƙasa da ake ɗauka da amsa-kuwwar sauti. Tunda dutsen da ke ƙasa da iyakar da ofal-A ke komawa ofal-CT ya fi na sama nauyi da saurin ɗaukar sauti, iyakar na dawo da amsa-kuwwa mai ƙarfi. Kuma tunda zafi take bi, ba shimfiɗa ba, sai ka gan ta ta ratsa shimfiɗu a karkace tana bin siffar ƙasan teku. A Tekun Bering jirgin haƙa Glomar Challenger ya huda irin wannan layi a 1971, aka tarar sama da shi taɓon dayatom ne, ƙasa da shi taurarren dutsen laka. Akwai irinsa a tekun Nowe da tsakanin tsibiran Faro da Shetlan. Matsalar ita ce layin da ya ratsa shimfiɗu a miƙe shi ne kuma alamar da muke nema ta inda gas ko mai ya zauna a kan ruwa. Wanda bai yi hattara ba sai ya sa a haƙa rijiyar miliyoyin daloli a kan rikiɗar silika.

Bagobiri_a_Zazzau:
Ku yi haƙuri manya, amma ni ban gamsu ba. Kalifoniya, Bering, Nowe. Yaron nan daga Gongola ya ɗebo dutsensa. Waɗancan tekuna ne masu sanyi da ruwan ƙasa ke tasowa sama yana ciyar da dayatom, kuma Monterey ta zamanin Miyosin ce, jiya-jiya. Lakar Fika da ta Pindiga, wato shimfiɗun Gongola, ta ƙarshen zamanin Kiretashiyos ce, ta haura shekara miliyan 66, a cikin siririn kwari da koguna ke zuba masa ƙasa ta ko'ina. Ina za a sami ɓawon dayatom da zai yi wannan aiki? Wannan ɗabi'a ta ɗauko misalin waje a jibga wa dutsenmu ita ke sa ɗalibai su rubuta abin da ba su gani ba. Ni na yi aiki a kan shimfiɗar Dange a kwarin Sakkwato, abin da ya cika ta ma'adinan laka ne da jifsam da fosfet. Ba kowace laka ce ke da labarin ofal ba.

Dakta_Kufena:
Bagobiri ya yi gaskiya a babban ɓangare, kuma gara da ya faɗa. Ban ce dutsen ɗalibi na dayatom ne ba, tsarin na shimfiɗa masa. A dutse mai wannan shekaru ma ba na sa ran ganin ofal-A, da wuya take kai haka ba ta rikiɗa ba. Amma ƙayar soson teku da radiyolariya sun riga dayatom da nisa, kuma akwai wata hanyar samun silika da ba ta buƙatar mai rai ko ɗaya. Lakar da ta riƙe bututun MaiBurtsatse irin mai kumburi ce, simektait. In aka binne ta zafi ya kai kamar digiri 60 zuwa 100, kuma akwai fotasiyam a kusa, sai ta rikiɗa ta zama ilait wadda ba ta kumburi. A wannan rikiɗa tana sakin ruwa, tana sakin silika. Dutsen laka kuwa ba ya barin ruwa ya yi tafiya mai nisa, don haka silikar a nan take zama, ta fito a matsayin ƙananan kwatz, ƙwaya ɗaya mikron 1 zuwa 3 (mikron ɗaya bisa dubu ne na milimita), suna saƙa raga a cikin lakar. Masanan Jami'ar Oslo, ɗaliban Knut Bjørlykke, sun nuna haka a duwatsun laka na tekun Nowe, inda saurin sauti ke tashi a zurfin da wannan ke faruwa. Ga kwaruruwanmu ina ganin wannan hanyar ta fi dacewa a fara dubawa.

Bagobiri_a_Zazzau:
To yanzu mun zo gida. Amma har yanzu mita 40 ne tsakaninsu. In zafi ne, ai tare suka sha shi.

Dakta_Kufena:
Tare suka sha, amma ba kowa ne ke nuna a wuta ɗaya ba. Gwaje-gwajen Miriam Kastner a 1977 sun nuna kasancewar farar ƙasa mai kabonet na hanzarta fitowar ofal-CT, yawan laka kuwa na jinkirta ta. Caroline Isaacs ta ga haka a Monterey, shimfiɗa biyu maƙwabtan juna, mai tsabtar silika ta riga ta taurare, mai yawan laka tana nan da laushinta. Abin da aka zuba tun farko shi ke yanke wa kowace shimfiɗa lokacinta.

ƊanYerwa:
Ina so in gyara wa Bagobiri abu ɗaya. Kada a fita da tunanin ba mu da dayatom a ƙasar nan. A Bularafa ta jihar Yobe akwai dutsensa, fari, marar nauyi, in ka goga a hannu sai ya bar gari. Ragowar tsohon tafki ne, kuma bai taɓa nutsewa zurfin da zai rikiɗa ba, don haka matakin farko da Dakta ya faɗa muna da shi a gida, ba sai an je Kalifoniya ba. Ita kuma lakar mai kumburi, wanda ya taɓa taka firgi a gefen Tafkin Chadi ya san ta. Da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta rufe ruf ta hana mota motsi. Kaurin laka irin wannan ne ya danne ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke hawa na tsakiya a shimfiɗar Chadi, shi ya sa a da in an huda a wasu wurare ruwa ke tunkuɗo kansa ba famfo.

Malamar_Gona:
Kai, ashe abin da muke gwadawa a rumbu ne ake magana. Garin dutsen dayatom ana cuɗa shi da hatsi don maganin ƙwari. Ba guba ba ne, yana goge maiƙon da ke jikin ƙwaron ne ya tsotse shi, ƙwaron ya bushe ya mutu. An gwada na Bularafa ma a kan ƙwarin ajiya. Yanzu na gane dalilin aikinsa, ƙofofin nan ne da kaifin ɓawon. Da ya nutse ya rikiɗa, da bai yi mana amfani ba.

Kwarbai_01:
Tambayar jahili: ƙurar hunturun nan da ke rufe mu har a kasa ganin Kufena daga Samaru, na taɓa jin wai daga tsohon tafki take. Akwai haɗi?

ƊanYerwa:
Akwai sosai. Kwarin Bodele a arewacin Chadi gindin tsohon babban Tafkin Chadi ne, wanda shekara kamar dubu bakwai da suka wuce ya mamaye fili fiye da murabba'in kilomita 300,000. Ruwa ya janye ya bar farin taɓon dayatom a fili. Iskar da ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ita ke kwasarsa, kuma ana lissafa wurin cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya, har ta ƙetare teku zuwa Kudancin Amurka. Abin da ke sauka a kan tagoginku a Zariya yawancinsa ƙananan kwatz ne da laka, amma in ka shafo ka sa a madubin ƙara girma kana iya cin karo da gutsuren ɓawon dayatom.

Nas_Shika:
Tunda an zo maganar ƙura bari in sa baki. Ɗalibi, kai da za ka yi ta yanka da niƙa duwatsun nan, don Allah ka jiƙa su, ka sa takunkumi na gaske ba ƙyalle ba. Ƙurar kwatz in ta shiga huhu ba ta fita, tana mayar da shi tabo-tabo, kuma ba ta da magani. Na ga masu fasa dutse da masu haƙar rijiya da suka zo da tarin da aka ɗauka tarin fuka ne, wasu ma duka biyun suka haɗa. Mutum yana da ƙarfinsa amma hawa mataki uku ya gagare shi. Malamar gona, ke ma ki ja kunnen manoma, garin dayatom da aka gasa a masana'anta don tace ruwa ba shi ne na rumbu ba, gashin na mayar da wani sashe nasa mai cutar da huhu.

Malamar_Gona:
Na gode Sista, zan isar.

Malam_NaKongo:
Ni kalma ta ja hankalina. Dutsen da ya cinye haƙoran bit ɗin MaiBurtsatse, in na fahimta, shi ne iyayenmu ke kira ƙanƙara, wanda ake bugawa da ƙarfe a ƙyastu a kama wuta da auduga. Muna da sunan ƙarshen tafiyar tun kafin a san farkonta. Da za a tattara kalmomin magina da mahaƙa rijiya, yumɓu, taɓo, laka, marmara, burji, da an rage aro da yawa.

Bagobiri_a_Zazzau:
Malam, a yi hattara dai. Bahaushe na kiran farin dutsen kwatz na jijiyar dutse ƙanƙara, yana kiran wancan ma ƙanƙara, kuma haihuwarsu ba ɗaya ba ce. In za mu ɗauki kalmar sai mun ƙara mata bayani.

MaiKula_da_Zaure:
Jama'a, an yi nisa har Kudancin Amurka. Ɗalibi na jiran abin da zai yi gobe da safe.

Injiniya_Ɗanmagaji:
To bari in ba shi na hannu. Gwajin kofin da ka yi ba wasa ba ne, mu ma shi muke yi kafin mu yarda da dutsen laka a cikon hanya, sai dai muna jiƙawa mu busar sau da yawa muna awon abin da ya rage. Na taɓa ganin aikin da aka cika gefen gada da irin samfurinka na farko saboda ya fito daga rami a taurare. Damina biyu ya koma taɓo, kwalta ta zauna, aka sake aiki. Amma kafin ka ɗora taurin na biyu a kan silika, ɗiga masa ruwan asid mai rauni. In ya yi kumfa, kabonet ce ta manne shi, kuma yankin da kake aiki akwai farar ƙasa sosai, ita ake yin siminti da ita a Ashaka. Sannan ka karce shi da wuƙa. In wuƙa ta ci shi, ba kwatz ce ke riƙe da shi ba. In ita ce ta bar zanen ƙarfe a jikinsa, to ka ci gaba.

Dakta_Kufena:
Madalla da Injiniya, da wannan ya kamata in fara. Bayan shi sai XRD, gwajin da ake harba wa garin dutse hasken X-ray, kowane ma'adini ya fito da tsininsa a kan zane. Ofal-A tudu ne mai faɗi marar tsini, ofal-CT na tashi wajen digiri 21 da rabi zuwa 22 na kusurwa, ba na zafi ba, kwatz kuma tsininta a 26.6. Ka sa a ware maka ɓangaren laka a gwada shi da sinadarin gilaikol don a ga mai kumburi. In kana da sauran sakamakon sinadarai, dubi silika tare da zakoniyam da alminiyam. Silikar da rafi ya kawo tana tashi tare da zakoniyam. In silika ta hau zakoniyam ya sauka, akwai wadda aka haifa a wurin.

Ɗan_Gyallesu:
Ni dai abin da nake son sani, wannan duk yana da alaƙa da man Kolmani na ɓangaren Gongola da aka sanar a 2019, shugaban ƙasa ya je ya ƙaddamar a 2022? Ko ilimin aji ne kawai?

Tsohon_Fatakwal:
Yana da ita ƙwarai, ƙanina. Mai ba ya zama a wuri sai da murfi, murfin kuma galibi dutsen laka ne. Laka mai laushi in ƙasa ta motsa sai ta lanƙwasa ta toshe tsagarta da kanta. Wadda kwatz ta ɗinke in an matsa mata sai ta fashe, tsagar ta zauna a buɗe, abin da ke ƙasa ya sulale. A kwarin Binuwai, wanda Gongola ke cikinsa, da aka naɗe aka karya tun zamanin Kiretashiyos wannan tambaya ce babba. Amma ka juya ta, sai aibin ya zama alheri. A Teksas, lakar Barnett da kamfanin George Mitchell ya fasa da ruwa a 1998 har gas ya zubo, abin da ya sa ta amsa shi ne tana da kwatz mai yawa, da yawanta daga ƙwarangwal ɗin halittun teku. Ta fashe, yashin da aka tura ya tokare tsagar. Ka gwada haka a lakar Akata ta Neja Delta, wadda ke cike da ruwa mai matsi tana gudana kamar ƙullu, tsagar za ta haɗiye yashin ta rufe.

Ɗalibin_Samaru:
Na gode muku duka, Allah ya saka. Ga abin da na samu. Na ɗiga asid: na farko shiru, na biyu ɗan kumfa kaɗan ne, shi ma sai a kan garinsa. Wuƙa ta kasa cinsa, ta bar zane mai sheƙi. XRD ya fito jiya, duka biyun akwai tsinin kwatz a 26.6, na biyu ya fi tsayi, ban ga tudun ofal-CT ba. Ɓangaren laka ba a ware min ba, wurin da na kai sun ce sai na ƙara kuɗi, kuma sun riga sun haɗa garin wasu samfurana biyu a leda ɗaya. Sannan akwai abin da ban faɗa ba don ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Na koma littafin fili, na ga na rubuta cewa kamar taku goma sha biyar daga inda na ɗauki na biyu akwai wani baƙin dutse mai nauyi da ya ratsa shimfiɗun a tsaye, faɗinsa ya kusa mita biyu.

Bagobiri_a_Zazzau:
Haba ɗalibi, ai da wannan za ka buɗe zance. Wannan narkakken dutse ne da ya kutso ta tsaga, kwarin Binuwai cike yake da su. Ya gasa lakar da ke gefensa. Jikar mai tukwane ce ta faɗi daidai tun farko.

Jikar_MaiTukwane:
In haka ne, kakata kan ce tukunyar da ke bakin wuta daban take da ta tsakiya. Ɗalibi ya duba ko taurin na raguwa in ana nisa da baƙin dutsen.

Dakta_Kufena:
Shawararta ita ce gwajin da ya dace. Amma ban yarda an gama ba. Gashin irin wannan kutse yawanci ba ya wuce kwatankwacin faɗinsa ko ninkinsa a kowane gefe. Mai mita biyu ya taurara dutsen da ke taku goma sha biyar, abin na da wuya, sai dai in akwai babbansa a ɓoye a ƙasa. Ɗan kumfar da ya gani a gari kaɗai kuma na iya zama dolomait, wani nau'in kabonet. Rashin ofal-CT bai kore komai ba, ƙila ta riga ta wuce zuwa kwatz. Abin da zai raba gardama shi ne a kalli kwatz ɗin kanta. A yanka dutsen siriri, a sa a madubin lantarki. Wadda rafi ya kawo za ka gan ta ƙwaya-ƙwaya masu kusurwa, kuma tana haske in an harba mata lantarki. Wadda ta tsiro a wurin ƙanana ce, a cuɗe da laka, haskenta dishi-dishi.

Bagobiri_a_Zazzau:
Dakta, ina ɗalibin da ya kasa biyan kuɗin ware laka zai sami wannan na'ura? A ba shi abin da ƙafarsa da gudumarsa za su iya. Ya koma rafin, ya bi shimfiɗar nan guda ɗaya, ya ɗauki samfuri kowane mita biyu daga jikin baƙin dutsen har ya yi nisa, ya jera kofuna. In taurin ya bi shimfiɗa har ƙarshe, na ba ka. In ya mutu a hanya, wuta ce.

MaiBurtsatse_TudunWada:
Ƙarshen wata muna da aiki ta wajen Gombe, akwai wuri a motar kwamfaresa in ɗalibi zai iya zaman baya. Ni ma ina so in ga dutsen nan da idona, in gwada shi da tsohon bit ɗin da na ajiye tun Sakkwato.

Ɗalibin_Samaru:
Zan iya, Baba, na gode. Zan zo da guduma, da kwalbar asid, da leda ashirin masu lamba. Dakta, in na kawo gutsuren na biyu ranar Alhamis bayan la'asar, za a iya yanka min siririn yanki ko ɗaya ne kafin tafiyar?

Dakta_Kufena:
Kawo duka biyun. Na farkon sai an shayar da shi gam kafin a yanka, in ba haka ba ruwan injin zai mayar da shi abin da ka gani a kofi.